ZIYARA A GARIN DA RANA KE ƁUYA WATA BIYU

Akwai wata tsohuwa a cikin birnin Zariya wadda ta yi wata shida ba ta ji muryar ɗanta ba, sai dai gajeren saƙo ta waya wanda ƙannensa ke karanta mata, kullum kuwa maganar ɗaya ce: lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Ɗan nata yana zaune ne a Turomso, wani gari a can ƙuryar arewacin ƙasar Norwe, inda ya tafi karatun kiwon kifi, ya gama, ya kama aiki. Tun da Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa da damina, shi kuwa bai sami halartar jana'iza ba, sai maganarsa ta yi ta ja da baya kamar ruwan rijiya da bazara. Kuɗin cefane dai ba su taɓa fashi ba ko da wata ɗaya, amma tsohuwa ta ce kuɗi ba su iya gaisuwa ba.

Ana nan sai ta sami labari cewa abokinsa na ƙuruciya, wani Bakano malamin jami'a wanda suka yi makarantar kwana tare, za shi ƙasar Jamus kwas na wata uku. Ta aika aka kirawo shi. Ta ɗauko ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji ta ajiye gabansa, sa'an nan ta kwance bakin zanenta ta fito da carbin marigayi ta ɗora a kai. Da akwai kilishi a cikin kayan, amma Bakanon ya ba ta haƙuri, domin dokar ƙasashen can ta hana matafiyi shiga da nama daga waje.

Ta ce, "Ɗan nan, ka je ka gano mini shi da idonka. Kada ka tambaye shi ko lafiya, don zai ce maka lafiya. Ka dubi fuskarsa, ka dubi tukunyarsa, ka zo ka faɗa mini."

Ya ce, "To, Inna, in Allah Ya so."

A wurin tsohuwa Turai duk gari ɗaya ne, kamar a ce daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari. Shi kuwa bai ga amfanin gaya mata ba cewa daga Farankfot, inda zai sauka, zuwa Turomso ya wuce kilomita 2,000, watau ninkin tafiyar Kano zuwa Legas. Ya riga ya amsa, alkawari kuwa kaya ne.

FAƊUWAR RANA DA AZAHAR

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Turomso. Mai son zuwa sai dai ya bi mota kwana da kwanaki, ko jirgin ruwan da ke bin gaɓar teku, ko kuwa jirgin sama daga Oslo, babban birnin ƙasar, tafiyar da ba ta cika sa'a biyu ba. Ta nan Bakanon ya bi a cikin mako na biyu na watan Janairu. Sa'ad da suka tashi daga Oslo, wajen ƙarfe ɗaya, akwai 'yar rana can ƙasa-ƙasa kamar ta la'asar sakaliya. Jirgi yana nausawa arewa tana daɗa sunkuyawa a bayansu, har ta ɓace. Ƙarfe uku suka sauka, gari ya yi duhu kamar bayan isha'i, fitilu ko'ina, dusar ƙanƙara jibge a gefen filin jirgi ta fi tsayin mutum.

Tun daga nesa ya hango mai masaukinsa tsaye riƙe da wata ƙatuwar riga. Da yake akwai wasa tsakanin Kanawa da Zagezagi, sai ya ɗaga murya ya ce, "Kai, Bazazzagi, ashe kana da rai?"

Wancan ya ce, "Bakano, har nan ka biyo ni da ciniki? Me ka kawo sayarwa?"

Suka rungume juna suna dariya. Amma baƙon bai manta da aiken da aka yi masa ba. Ya dubi fuskar, ya ga kumatu sun faɗa, gemu ba gyara, dariyar kuma ba ta daɗe ba ta ɗauke kamar wutar kara. Bai ce kome ba. Ya sa rigar da aka kawo masa, mai gida ya maƙala masa wani ɗan farin abu mai ƙyalli a hannun riga, irin wanda yaro da babba ke ratayawa domin fitilar mota ta haska su a cikin duhu, suka hau bas.

Turomso gari ne a kan wani ɗan tsibiri tsakanin duwatsu da teku, mutanensa sun kusa 80,000. Gada mai tsawon mita 1,036, wadda aka buɗe a 1960, ita ta fara haɗa shi da sauran ƙasa. An ba shi matsayin birni tun 1794, a 1972 kuma aka buɗe jami'arsa, wadda ta jawo masa baƙi daga ko'ina cikin duniya. Da can karatu a cikinta kyauta ne ga kowa, amma daga 2023 gwamnatin Norwe ta sa wa ɗaliban da suka fito daga wajen Turai kuɗin makaranta.

ME KE ƁOYE RANAR?

Mai karatu zai so ya ji dalilin wannan duhu. Duniya dai tana zagaya rana ne a karkace, karkatar da ta kai kimanin digiri 23 da rabi. Da hunturu, gefenta na arewa shi ke kauce wa rana. Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya ba su cika lura ba. A Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba. To, amma akwai wani layi a can sama, wajen digiri 66 da rabi, wanda masana ke kira da'irar Atik. Duk wanda ya ƙetare shi ya shiga inda rana kan yi kwanaki ba ta fito ba da hunturu, ta kuma yi kwanaki ba ta faɗi ba da bazararsu. Turomso tana kimanin kilomita 350 arewa da wannan layi.

Bisa lissafi, rana ba ta leƙo garin daga wajen 27 ga Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Amma da yake duwatsu sun tare kudu, mutanen gari sukan daina ganinta tun 21 ga Nuwamba, ba su sake sa ta a ido sai 21 ga Janairu, wata biyu cur. Wannan lokaci suna kiransa morketid, watau lokacin duhu. Daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli kuwa sai abin ya juya, rana ta yi ta kewaya sama ba faɗuwa, tsakar dare yara na wasan ƙwallo.

Duhun ba na rijiya ba ne. Washegarin saukarsa, wajen ƙarfe goma, baƙon ya ga gari ya fara washewa kamar bayan sallar asuba. Sama ta yi shuɗi, duwatsu suka yi shuɗi, har ita kanta dusar ƙanƙarar ta yi kamar an tsoma ta a marina. Da tsakar rana sai wani ja-ja ya bayyana ta kudu, ya tsaya yana jiran fitowar rana, sai ya ga jan ya koma inda ya fito. Kafin ƙarfe biyu da rabi an sake shiga dare. Alfijir da almuru sun haɗu ke nan, ba yini a tsakaninsu.

Sanyin kuwa bai kai yadda ya zata ba. Akwai wani ruwa mai ɗumi da ke gudana a cikin teku tun daga wajajen Meziko, ya ratso Atilantika, ya bi gaɓar Norwe. Shi ya sa tashar jiragen ruwan Turomso ba ta daskarewa, kuma matsakaicin sanyin Janairu bai wuce digiri 3 zuwa 4 ƙasa da sifiri ba. Mafi tsananin da aka taɓa aunawa a garin shi ne digiri 18.4 ƙasa da sifiri, a 1966, alhali kuwa a Karasjok, can cikin ƙasa nesa da teku, an taɓa samun digiri 51.4 ƙasa da sifiri a 1886. Abin da Turomso ta yi suna a kansa shi ne yawan dusar ƙanƙara, wadda tudunta ya kai santimita 240 a watan Afrilun 1997. Abin tsoron baƙo kuma shi ne santsi. Sau biyu Bakanon yana shan ƙasa kafin a saya masa wasu ƙusoshi da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi.

TUKUNYA

Gidajen garin galibi na katako ne, an yi musu fenti ja da rawaya da fari, cikinsu kuwa ɗumi kamar ɗakin mai jego. Bakanon ya ce rabonsa da ya kwana da singileti a watan Janairu tun yana goye, domin sanyin da ke shiga ɗakinsa a Kano da hunturu ya fi na nan damun mutum. Mu'amalar mutanen da sanyi ita ce shiri: ulu a jikin fata, ulu a kansa, sa'an nan rigar tare iska. Har jarirai ake naɗewa a kwantar a keken turawa a waje su yi barcin rana.

Tun a bas ya lura da wani abu. Kusan kowace taga ta kowane gida akwai fitila ko kyandir a kunne, labule a ɗage, mai wucewa yana hango haske. Da suka isa gidan da abokinsa ke haya sai ya ga taga ɗaya ce kurum labulenta a sake, ba ko ƙyallin haske. Bai tambayi ta wane ne ba.

Da mai gida ya shiga wanka, baƙo ya leƙa madafa. Tukunya tana kife a kan kanta, fes da ita, har da ƙura a gindinta. Abin da ke akwai burodi ne da kifin gwangwani da ganyen shayi. Ya kwance ƙullin Inna, ya aiki mai gida kantin 'yan Asiya ya sayo garin shinkafa da ɗanyen kifi, ya tuƙa tuwo, ya kaɗa miyar kuka. Ƙanshin daddawa ya cika gidan har matakala. Bazazzagin ya ci malmala uku ba tare da ya ɗaga kai ba, sa'an nan ya ce, "Ashe Kanawa sun iya wani abu ban da awo." Carbi dai yana cikin aljihu, lokacinsa bai yi ba.

SALLA BA RANA

Tambayar farko da Musulmi zai yi a irin wannan wuri ita ce ta lokutan salla, tun da yake da rana ake gane su. Malamai sun daɗe da duba mas'alar, suna kafa hujja da hadisin da ya yi bayanin yini mai tsawon shekara a zamanin Dujal, inda aka umurci mutane su ƙaddara lokutan salla da lissafi. Waɗansu suka ce a bi gari mafi kusa da ke da dare da yini sosai, waɗansu suka ce a bi lokacin Makka. Masallacin Alnor da ke tsakiyar Turomso, ɗaya daga cikin masallatai mafi kusa da ƙuryar arewacin duniya, lokacin Makka yake bi a watannin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa. Haka suka yi azumi a 2014 da 2015 da 2016, sa'ad da Ramalana ya faɗo cikin Yuni da Yuli: suna buɗa baki rana tana kallonsu.

Ran Juma'a baƙo ya matsa sai an je. Ya tarar da Somaliyawa da Larabawa da mutanen Asiya da 'yan ƙasar da suka musulunta, sahu ɗaya, takalman ƙanƙara jibge a bakin ƙofa. Har ya ji wani saurayi yana waya da Fulatanci yana surkawa da Hausa. Ashe ɗan Ngaundare ne ta ƙasar Kamaru, domin tun farkon shekarun 1990 akwai haɗin gwiwa tsakanin jami'ar garinsu da ta Turomso, ɗalibai suna zuwa.

Bayan an sallame, wani dattijo Basomale ya kama hannun Bazazzagin da hannu biyu, ya ƙi saki, yana tambayarsa ina ya shiga tun kaka, har suna cewa ko ya koma gida. Bazazzagin ya sunkuyar da kai ya ce aiki ne. Baƙo ya ji, ya ƙara a kan abin da ya gani a madafa.

BAKIN KWATA

A bakin kwata akwai wani tsohon sito na katako wanda aka mayar gidan kayan tarihi a 1978, ana nuna kayan mafarauta da matafiyan da suka yi ta kutsawa cikin tekun ƙanƙara daga wannan gari. A nan baƙo ya ji labarin Roald Amundsen, mutumin Norwe da ya fara taka ƙuryar kudancin duniya a watan Disambar 1911. A 1926 shi da wani Ba'italiye, Umberto Nobile, suka ratsa ta saman ƙuryar arewa a jirgin balan-balan, daga baya suka ɓata a kan wane ne ya cancanci yabo. A 1928 jirgin Nobile ya faɗi a kan ƙanƙara. Da Amundsen ya ji, bai tsaya tuna gaba ba. Ran 18 ga Yuni ya tashi daga Turomso a jirgin sama shi da mutum biyar don neman sa. An ceto Nobile, ya rayu har 1978. Amundsen kuwa har yau ba a ga gawarsa ba. Mutanen arewacin Norwe ba su da yawan magana, amma in aka ce wani ya ɓace, kowa fita yake yi.

Da suka fito sai suka tarar ana sauke kifi, nan fa bakin Bazazzagin ya buɗe, karo na farko tun zuwan baƙo. Ya ce wannan shi ne skrei, kifin da ke tasowa daga tekun Barents kowace shekara tsakanin Janairu da Afrilu, ya gangaro gaɓar Norwe don ya yi ƙwai, musamman wajen tsibiran Lofoten da ke kudu maso yamma da Turomso. A can ake rataye shi a kan manyan ragayu na itace daga Fabrairu zuwa Mayu, ba gishiri, ba hayaƙi, iska da sanyi kurum, har ya bushe ya zama kamar itace. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na busasshe.

Ya ce, "Ka san shi, Bakano. Shi ne wanda kake toshe hanci in ka ratsa layinsa a kasuwar Sabon Gari."

Gaskiyarsa kuwa. Shi ne Inyamurai ke kira okporoko, Yarbawa su ce panla. Italiya da Nijeriya su ne manyan kasuwanninsa, busassun kawunan ma galibi Nijeriya ake kawo su. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yana cikin abincin agajin da aka yi ta aikowa don yaran da yunwa ta kama. Daga hantar wannan kifi kuma ake tatsar man da 'yan Norwe ke sha cokali guda kullum da hunturu, domin ya maye musu sinadarin bitamin D wanda jiki ke samu daga hasken rana. Baƙar fata ya fi kowa bukatarsa a can, don fatarsa ta fi jinkirin sarrafa raunanan hasken. Baƙo ya tambayi abokinsa ko yana sha. Ya ce kwalbarsa ta ƙare tun Oktoba. Ba su koma gida ba sai da sabuwa.

MAƘWABCIYA

Ƙanshin daddawa ne ya jawo musu gayyata. Wata dattijuwa da ke zaune a ƙasan benen, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta tare su a matakala ta tambayi abin da ake dafawa, daga nan ta kira su shan gahawa da wata irin waina mai faɗi. Ɗakinta kyandir bakwai ke ci. Baƙo ya tambaye ta yadda suke jure wa duhu shekara da shekaru. Ta ce ita ba jurewa take yi ba, jiransa take yi. Akwai ƙa'ida dai: kullum a fita da tsakar rana ko da rabin sa'a ne, a kunna haske a taga, kada kuma mako ya wuce ba ka ci abinci da wani ba. Akwai hanya mai fitilu da ta ratsa dajin tsibirin, inda ma'aikata ke zamiya a kan ƙanƙara bayan an tashi aiki, a cikin Janairu kuma ake bikin nuna finafinai na garin, har da majigi a fili. Wata Ba'amurkiya masaniyar halayyar ɗan Adam, Kari Leibowitz, ta zauna a Turomso daga 2014 zuwa 2015 tana nazarin wannan hali, ta ga cewa waɗanda ke ɗaukar hunturu a matsayin lokaci mai nasa daɗi sun fi samun natsuwa a cikinsa.

Sa'an nan dattijuwar ta dubi Bazazzagin ta ce ta lura tagarsa ta yi duhu tun kaka, ta yi niyyar ƙwanƙwasa masa ƙofa ba sau ɗaya ba, amma ta ji tsoron kada ta takura masa. A al'adarsu, ƙyale mutum da sha'aninsa girmamawa ce. Ba ta ma san an yi masa rasuwa ba sai a wannan zama. Baƙo ya yi shiru yana tunani: abin da su ke kira ladabi, a Zariya sunansa rashin zumunci, kowa kuwa da gaskiyarsa a garinsu.

HASKE A SAMA

A dare na bakwai sama ta washe, dattijuwar ta ba su aron motarta suka haye gada zuwa Kwaloya, wani babban tsibiri da ke yamma, don su nisanci fitilun gari. A hanya suka ci karo da garken wasu dabbobi masu kama da gwanki, masu ƙaho rassa-rassa, suna tonon ƙanƙara da kofato suna neman abinci. Dukiyar Samawa ce, watau mutanen Sami, makiyayan asali na wannan yanki, waɗanda ke kiran garin Romsa. Su ma sun sha gwagwarmaya a kan makiyaya da burtali kamar Fulani, sai a 1989 aka buɗe musu majalisarsu.

Suka tsaya bakin teku suka kashe fitila. Can sai wani kore-koren haske ya keto sama daga wannan dutse zuwa wancan, ya yi ta lilo kamar an shanya rawani iska na kaɗa shi, gefensa ja-ja. Wannan shi ne hasken arewa. Masana sun ce ƙananan ƙwayoyi ne da rana ke fesowa, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙuryoyinta, su yi karo da iskar da ke sama da kilomita 100 daga ƙasa, sai ta yi haske. Watau ko a tsakiyar duhun, ranar ba ta daina aike ba.

A nan cikin mota, ba mai kallon fuskar wani, Bazazzagin ya fara magana. Ya ce ran da Baba ya rasu, cikin Yuli, an yi masa waya da hantsi, kafin azahar an kai shi makwanci, shi ko tikiti bai gama nema ba. Ya zauna a ɗaki shi kaɗai, rana ta ƙi faɗuwa, dare ya ƙi yi balle ya yi kuka a ɓoye. Washegari ya tafi aiki, don bai san abin da zai zauna yi ba. A gida an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a na ta zuwa har aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, shi kuwa babban ɗa ko mutum ɗaya bai zo ya zauna kusa da shi ba. Ya ce, "Wallahi kunyar Inna nake ji. In na ji muryarta me zan ce mata? In ce ina wajen kifi?" Da duhu ya shigo kuma sai ya ga ya sami wurin ɓuya.

Bakanon ya bar wasa. Ya gyara zama, ya cire safar hannu, ya miƙa masa hannu kamar yau aka yi rasuwar, ya ce, "Malam, ya haƙuri?"

Aka daɗe kafin amsa ta fito. "Da godiya."

"Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba ka haƙurin rashinsa."

"Amin. Amin, na gode."

Suka shafa fatiha. Sa'an nan ya sa hannu a aljihu ya ɗauko carbin ya danƙa masa. Mai gida ya gane shi tun kafin ya kunna fitila, domin akwai ƙwaya ɗaya da ta fashe aka ɗaure da baƙin zare. Abin da ya biyo baya tsakaninsu ne.

RANAR RANA

Da hunturu agogon Norwe da na Nijeriya ɗaya ne. Washegari da ƙarfe uku suka kira Zariya ta wayar da ake ganin juna. Tsohuwa tana zaune a tsakar gida, rana tana dukan bango a bayanta, kaji na kai da kawowa. Aka juya mata waya ta ga taga baƙi ƙirin, sai ga fitila a kan dandamalinta, labule a ɗage. Ta ce, "La'asar ɗin ke nan? To, Allah mai iko." Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta tambayi dalili ba. Ta ce ya rame, ta tambaya ko kukar ta isa. Suka yi sa'a guda da 'yan mintoci, baƙo ya ba su wuri ya fita yawo.

Ran 21 ga Janairu ita ce ranar da garin ke marabtar rana. 'Yan makaranta sukan fita fili da malamansu, a raba musu wani irin fanke mai zaƙi da ruwan cakulan mai zafi, kowa ya fuskanci kudu, inda za ta leƙo tsakanin duwatsu na 'yan mintoci kaɗan. A wannan karo gajimare ya rufe, ba a ga kome ba. Yara dai suka cinye fankensu suka yi ta murna, domin sun san tana nan bayan gajimaren, kuma daga ranar kullum yini zai riƙa ƙaruwa. Abokan nan biyu da dattijuwa da saurayin Ngaundare su ma suka ci nasu a tsaye cikin sanyi, aka kuma yanke cewa kowace Lahadi akwai tuwo a saman bene, Basomale ma an aika masa.

Kashegari baƙo ya kama hanya. Sai da jirgi ya keta gajimare ya nufi kudu sa'an nan ya ga rana, bayan kwana goma, ya ce bai taɓa sanin ana kewarta ba, shi da ya tashi yana gudun ta zuwa inuwa.

Da ya komo gida bayan kwas, kafin ya huta sai da ya je Zariya. Ya durƙusa ya gai da tsohuwa, ya ce, "Inna, na dubi fuskarsa, na dubi tukunyarsa. Da na je duk biyu a kife suke, amma na baro su a buɗe." Ta ce ta sani, don yanzu kowace Juma'a sai ya kira, har ya sa ranar zuwa da Babbar Salla. Ta sa masa albarka, ta kawo fura.

Gidaje da yawa a ƙasar nan suna da wani nasu a wata uwa duniya, ko a Turai, ko a Makka, ko ma nan Legas da Fatakwal, wanda ake auna lafiyarsa da zuwan kuɗinsa. Mai irin wannan ɗan'uwa, in ya ji shirun ya yi yawa, ya tuna da tagar nan ta Turomso. In da hali ya taka, in babu ya aiki mai zuwa, domin tun kafin a ƙera waya Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.